Zahiri da Baɗini: Yadda Na Koma Ga Zabura Ta 91

Na daɗe ina shawara da zuciyata kafin in miƙa wannan rubutu ga editan mujallarmu, domin kuwa abin da aka saba gani a shafukanta shi ne nazarin waƙa, ko na nahawu, ko na al'adun aure da haihuwa, ga shi ni kuwa na zo da maganar addini, addinin ma ba wanda akasarin malamaina da abokan karatuna suke bi ba. Ni Bahaushe ne Kirista, jikan Maguzawa, daga wani ƙauye a kudancin Jihar Katsina. Wa'azi kam ba ni da ilminsa, nan kuma ba muhallinsa ba ne. Abin da ya ba ni ƙarfin gwiwa shi ne, a cikin ajin wannan sashe namu na tsinci mabuɗin da ya sake buɗe mini littafin addinina bayan na rufe shi har wata bakwai. Saboda haka na ga bashi ne a kaina in gaya wa masu mabuɗin abin da na yi da shi.

Sai na fara da kakana kafin mai karatu ya gane inda matsalar ta samo asali. An ce a zamanin ƙuruciyarsa ɗan tauri ne kuma mafarauci, ba ya shiga daji sai da guru a ƙugu, da kambu a damtse, da layu reras a wuya, wannan na ƙarfe, wannan na maciji, wancan na ɓata wa abokin gaba gani. Da ya karɓi addinin Kirista, sai ya tattara su duka ya cinna musu wuta a ƙofar majami'a, jama'a suna kallo. Har yau ana ba da wannan labari a gidanmu da alfahari. Amma da na yi wayo sai na lura layun ne kawai suka ƙone, buƙatar da ta sa aka ɗinka su tana nan daram, masauki kawai ta sake. Masaukin kuwa shi ne wani tsohon Littafi Mai Tsarki mai baƙin bango, na fassarar nan da Likita Mila na Wusasa da abokan aikinsa suka yi, wadda ta fito a 1932. Mahaifina ne ya gaje shi, amma a ɗakin mahaifiyata yake kwana, kuma saboda yawan buɗe shi a wuri ɗaya, ko yaro ne ya ɗauke shi ya saki, da kansa yake buɗewa a kan Zabura ta 91.

Ga wanda bai san ta ba, wannan Zabura waƙa ce gajeruwa, aya 16, wadda take yi wa mai dogara ga Allah alkawarin kariya iri iri. Ta kawo zancen firgicin dare da makamin rana, da annoba, da tarko, da zaki da maciji, ta nuna ko jama'a masu yawa sun hallaka a kewaye da mutum abin ba zai taɓa shi ba, har ma za a wakilta mala'iku su tallafe shi don kada ya yi ko da tuntuɓe. Kowane dare Inna takan karanta ta, sa'an nan ta tura littafin ƙarƙashin matashinta. In ɗayanmu zai yi tafiya, sai ya durƙusa ta karanta masa ita a ka. Daga baya na karanta cewa Yahudawan dā ma sun yi amfani da ita wajen neman tsari, har an sami kwafinta a wani kogo na Kumran, kusa da Tekun Gishiri, a haɗe da waɗansu waƙoƙin korar aljanu. Ashe ba Inna ce ta fara ba, ni kuma ban taɓa ganin laifinta ba.

A daminar 2022 ina gida, saboda yajin aikin malaman jami'o'i da ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wani dare cikin watan Agusta, masara ta yi goyo, sai muka ji rugugin babura daga yamma, kafin mu tantance sai harbi. Ni da ƙannena muka keta danga ta baya, muka faɗa cikin dawa muka kwanta ruf da ciki har gari ya waye. Da muka fito muka tarar an tafi da mutum bakwai, cikinsu har da mahaifina da mai bisharar ƙauyenmu, wanda kowa yake kira Malam kawai. Dattijo ne da ya ba sittin baya, shi ya koya mini karatun Hausa a kan bencin majami'a tun ban shiga firamare ba. Zabura ta 91 kuwa a kansa take, kuma a daren nan da abin ya faru ita ya rufe addu'ar yamma da ita.

Kwana 43 aka yi. Ba zan tsaya ba da labarin cinikin da aka yi ta waya ba, yadda ake taya ɗan Adam ana ragi kamar akuya a kasuwar ƙauye. Wanda ya sani ya sani, wanda bai sani ba Allah ya sa kada ya sani. Mun sayar da shanun huɗa biyu da hatsin da ya rage a rumbu, muka jinginar da fadamar Baba. Mutum shida suka dawo, Baba ƙafafunsa a kumbure, ya rame har ban gane shi daga nesa ba. Malam bai dawo ba. Zazzaɓi da gudawa suka kama shi a daji, ya rasu, abokan tsaronsa suka binne shi a gindin wata itaciya da babu mai iya sake gane ta.

A cikin masu zuwa gaisuwa akwai wani baƙon mai wa'azi, wanda ya zauna a zaurenmu ya ce alkawarin Allah ba ya tashi, saboda haka in an ga Zabura ba ta yi aiki ba, to a duba mai karanta ta, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Dattawa suka yi shiru. Ni kuwa na tashi na fita, don na ji in na ƙara minti ɗaya zan yi wa baƙo rashin kunya a gidan ubana. Amma fa maganarsa ta bi ni, domin lissafinsa daidai yake da nawa. Hanya biyu ce kawai na gani: ko dai bangaskiyar Malam ce ta gaza, ko kuwa alkawarin ne babu gaskiya a cikinsa. Na san Malam, na kuwa tabbata ba ta farko ba ce. Saura ta biyu ke nan.

Da aka janye yajin aiki na dawo makaranta da gangar jiki kawai. Littafi Mai Tsarkina na tura shi can ƙasan akwati, na danne da tsofaffin takardu. Barci ya ƙaurace mini. In ɗan acaɓa ya wuce ta bayan ɗakin kwananmu da tsakar dare, sai in tsinci kaina a tsaye a bakin ƙofa, zuciya tana dukan uku uku. Abokan ɗakina sun yi haƙuri da ni ƙwarai. Abin da ban iya gaya musu ba shi ne, tsoron 'yan bindiga ƙarami ne a kan ɗayan tsoron, watau jin cewa duniya a buɗe take ta ko'ina, ba rufi ba danga, kuma abin da na jingina da shi tun ina yaro ashe zana ce da gara ta cinye.

Ana nan sai wata rana a darasin adabin baka, malaminmu, wanda ba zan ambaci sunansa ba don na san ba ya son yabo a bainar jama'a, ya rubuta karin maganar nan ta mai haƙuri da yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Ya juyo ya tambaye mu, ya ce, “In wani ya ɗora dutse a murhu tun safe har dare, ya ƙone itacen uwarsa kaf, dutse bai nuna ba, wa ya yi ƙarya, shi ko Bahaushe?” Aji ya fashe da dariya. Da muka lafa sai ya ce kowace magana mai nauyi tana da zahiri da baɗini, zahirin kamar ƙwarya ne, ba yadda za a kawo fura sai da ita, amma wanda ya kama gatsar ƙwarya ya bar fura, kada ya zargi mai damu. Kowa ya rubuta wannan don jarrabawa. Ni kuwa alƙalamina ya tsaya. Da muka fito na tambayi wani abokina ɗan gidan ɗarika ko haka abin yake a wajensu, ya yi murmushi ya ce ai in ka ji sufi yana zancen giya da maye a waƙa, ka tafi neman tulun burkutu a ɗakinsa, ka sha wahalar banza.

Ban yi saurin murna ba. Zargin da ya fara zo mini shi ne, wannan ai dabara ce ta kare magana bayan ta faɗi ƙasa: alkawari ya kasa cika, sai a ce dā ma ba haka ake nufi ba. Boka ma haka yake yi in maganinsa ya ƙi ci. Saboda haka na sa wa kaina sharaɗi, cewa ba zan karɓi karatun baɗini ba sai in na same shi a cikin littafin kansa, da kuma wurin mutanen da suka karanta shi tun kafin tawa masifar, waɗanda ba su da wata buƙata ta lallashina. Da wannan niyya, ba da niyyar ibada ba, na tono littafin daga ƙasan akwati.

Abin da na fara cin karo da shi ya ba ni mamaki, ko da yake na sha jin labarin tun ina ƙarami. A sura ta 4 ta Bisharar Matiyu, haka kuma a ta Luka, an ba da labarin yadda Iblis ya gwada Yesu Almasihu. A ɗaya daga cikin gwaje-gwajen ya kai shi ƙololuwar Haikali a Urushalima, ya ce ya diro ƙasa, hujjar da ya kafa kuwa ita ce wannan alkawari na mala'iku da ke cikin Zabura ta 91. Yesu ya ƙi, bisa dalilin cewa ba a gwada Allah. Watau a cikin Sabon Alkawari, wanda ya ɗauki wannan Zabura a matsayin maganin faɗuwa daga bene shi ne mai jarraba, wanda ya ƙi ɗaukar ta haka kuwa shi ne wanda muke bi. Daɗin daɗawa, bisa ga bangaskiyarmu ta Kirista (na san 'yan'uwana Musulmi suna da fahimta dabam a nan) Yesu kansa a kan gicciye ya mutu. Littafin Ayyukan Manzanni ya ce an jajjefe Istifanus, an kuma kashe Yakubu da takobi. Waɗannan duka Yahudawa ne da suka tashi da Zabura a bakinsu. In da sun fahimce ta yadda baƙon zaurenmu ya fahimce ta, da addinin ya watse tun a ƙarni na farko. Manzo Bulus ma na ga yana irin wannan karatu a fili: ya ɗauko dokar Attaura da ta hana sa wa sa takunkumi lokacin da yake sussuka, ya ce manufarta ta wuce shanu, ta kai ga hakkin duk mai aiki ya ci daga aikinsa.

Daga nan na shiga neman magabata, sai na tarar manyansu ma mutanen nahiyarmu ne. Na farko shi ne Orijin, malamin Iskandariya ta Masar, wanda aka haifa wajen shekara ta 185. Shi ya koyar da cewa kamar yadda mutum yake da jiki da rai da ruhu, haka nassi yake da su: akwai labarin da ido ke gani, akwai darasin gyaran hali, akwai kuma ma'anar da ta shafi Allah da asalin kasancewar mutum. Har ya ce da gangan aka bar waɗansu wurare da zahirinsu ba ya zama, don mai karatu ya yi tuntuɓe ya duba ƙasa. Misalin da ya bayar shi ne labarin halitta, inda aka ƙidaya safiya da maraice har kwana uku alhali sai a rana ta huɗu aka halicci rana da wata. Ikilisiya ta yi tir da waɗansu ra'ayoyinsa daga baya, ni ma ban ce na bi shi a kome ba. Amma tarihinsa ne ya kashe mini zargin da na fara da shi. Yana ɗan shekara kamar 17 hukumar Rum ta fille kan mahaifinsa saboda addini, ta ƙwace dukiyar gidan. Shi kansa a tsufansa, wajen shekara ta 250, a zamanin Sarki Desiyus, an ɗaure shi an gana masa azaba, ya rasu bayan 'yan shekaru. Wanda ya ga wannan ba zai yi wa kowa alkawarin cewa nassi maganin ƙarfe ne ba, kuma bai bar nassin ba.

Wani mai zaman zuhudu da ake kira Kasiyan, wanda ya yi shekaru a wurin masu ibada na hamadar Masar, ya kasa ma'anar gida huɗu, ya yi misali da Urushalima: birni ce ta Yahudawa, ikilisiya ce, birnin sama ce, sa'an nan kuma ran mutum ce. Wannan ta ƙarshe ita na riƙe.

Amma wanda ya fi shiga raina shi ne Agustin, mutumin ƙasar da yau ake kira Aljeriya, wanda aka haifa a 354. A shekara ta 410 mayaƙan Got suka shiga birnin Rum suka washe shi kwana uku, aka kashe Kirista, aka kama waɗansu bayi, aka ci mutuncin mata. Mutane suka yi ta tambayar da na yi a ɗakin kwanan ɗalibai: ina Allahnsu yake? Don amsa wannan ya rubuta babban littafinsa na Birnin Allah, kuma bai ce waɗanda abin ya shafa bangonsu ne ya tsage ba. Ya nuna masifa takan sami nagari da mugu baki ɗaya, bambancin yana ga abin da ta tarar a cikin kowannensu, kuma akwai dukiyar da mai washe gari ba ya iya ɗauka. Shi kansa ya rasu a 430 a garinsa Hifo, inda Annaba take yanzu, mayaƙan Bandal suna kewaye da ganuwar garin, shi kuwa yana kwance yana karanta Zaburar tuba da ya sa aka manna masa a bango.

Akwai wata huɗubarsa a kan labarin hadarin Tekun Galili. Wannan teku tabki ne a haƙiƙa, tsawonsa bai fi kilomita 21 ba, yana cikin kwari fiye da mita 200 ƙasa da bakin babban teku, shi ya sa iska takan gangaro masa daga tuddai ba zato. Markus ya ce Yesu da almajiransa suna tsakiyar ruwa da dare sai hadari ya taso, jirgi ya fara cika, shi kuwa yana barci a baya a kan matashi, har sai da suka tashe shi cikin firgici ya tsawata wa iskar. Agustin ya ce wa masu sauraronsa jirgin nan zuciyar kowannensu ce, iskar ita ce zagi ko tsoro ko fushi da ya faɗo mata, barcin Almasihu kuwa mantuwa ce, watau mutum ya manta da wanda yake tare da shi a cikin jirgin. Da na karanta wannan na ajiye littafin na yi shiru, domin ban taɓa lura da cewa kafin a kwantar da hadarin waje, akwai mutum ɗaya a cikin jirgin da hadarin bai shiga cikinsa ba. Ruwa ɗaya yake jiƙa su duka.

A nan ya kamata in yi wata togaciya. A Amurka an sami ƙungiyoyin da suka ɗauki wannan karatu, wanda suke kira na metafizika, suka kai shi nesa. Meri Beka Edi ta buga littafinta a 1875, ta kafa ikilisiyarta a Boston a 1879, a kan koyarwar cewa Allah Ruhu ne kuma shi kaɗai ne haƙiƙa, saboda haka cuta da mugunta ruɗu ne na tunanin ɗan Adam. Carles Filmo kuwa ya fito da ƙamus a 1931 wanda ya mai da sunayen mutane da garuruwan Littafi Mai Tsarki alamun halayen zuciya, alal misali Bitrus bangaskiya, Yahaya ƙauna. Na amfana da nacewarsu a kan cewa labaran nan suna faruwa a cikin mai karatu yau, ba a ƙasar Falasɗinu ta dā kaɗai ba. Amma inda suka ce mugunta ruɗu ce, nan muka rabu. Na ga tabon sarƙa a ƙafar mahaifina. Duk karatun da zai sa in ce wa matar Malam mijinta bai sha wahala ba, tunani ne kawai, to ni ba na yin sa. Ƙwaryar da malaminmu ya ambata, ai bai ce a fasa ta ba.

Duk wannan ilmin littafi ne, kuma da a nan abin ya tsaya, da ban rubuta kome ba. A hutun bazarar 2023 na je gida, muna sharar gona ni da Baba, mu biyu kaɗai. Tun dawowarsa bai taɓa ba da labarin dajin ba, mu ma ba mu tambaya ba. Ran nan da muka zauna shan ruwa a gindin ɗorawa sai na yi ƙarfin hali na ce, “Baba, Malam ya ji tsoro kuwa?”

Ya daɗe bai amsa ba. Can ya ce, “Ya ji mana. Daren farko jikinsa rawa yake kamar mazari, har ya fi ni.” Ya ce amma bayan kwana biyu ko uku sai ya ga dattijon ya sake. Kullum da asuba yakan ji shi yana karanta Zaburar nan ƙasa ƙasa, har wata rana haushi ya kama Baba ya ce masa, “Malam, ina mala'ikun?” Malam ya dubi masu gadinsu, waɗanda yawancinsu ba su kai ni shekaru ba, ya ce, “Yaran nan sun san hanyar gidana, amma ba su san inda nake zaune ba.” Baba ya ce a lokacin ya ɗauka zazzaɓi ne ya fara taɓa shi. Sai dai ya ga mutumin yana raba ɗan tuwon da ake ba shi da wani yaro Musulmi da aka kamo daga ƙauyen maƙwabta, kuma da yake yaron ba ya iya ɗaga kai don kuka, Malam ne yake duba rana ya ce masa azahar ta yi. Akwai wani mai gadi da ke da gyambo a ƙafa, Malam ya kwatanta masa ganyen da zai dafa ya wanke. Maganarsa ta ƙarshe da Baba ita ce, a gaya wa iyalinsa ana bin sa kuɗin buhun taki ɗaya, a biya.

Wannan magana ta inda yake zaune ita ce ta haɗa mini kome, domin da zancen mazauni Zaburar ta fara, watau da mutumin da ya mai da Allah wurin zamansa. Mu Hausawa mun san mafaka ta zahiri sarai. Kakanninmu sun hau duwatsu sun gina ganuwa, kuma ganuwa ta yi aikinta ƙarnuka, har ranar 3 ga Fabrairu 1903 da sojan Ingila suka keta ta Kano cikin yini ɗaya. Duk mafakar da take da wuri tana da hanya, abin da yake da hanya kuwa wata rana za a bi ta. To, amma in Allah ba abu ne a cikin abubuwa ba, ba ya can a bar nan, in shi ne wanda kasancewar kome take rataye gare shi, kamar yadda Bulus ya gaya wa mutanen Atina cewa a cikinsa muke rayuwa, ashe babu wani daji da yake wajensa. Ba a iya sace mutum daga inda ba shi da ƙofa. Luka ya ruwaito Yesu yana cewa mulkin Allah ba abin da za a nuna da yatsa ba ne, kalmar Helenanci da ya yi amfani da ita wajen faɗin inda yake kuwa tana ɗaukar ma'anar cikin mutum, tana kuma ɗaukar ma'anar tsakanin mutane, har masu fassara suka rabu a kanta. A labarin Malam na ga duka biyun.

Sa'an nan a matsayina na ɗalibin harshe na lura da wani ɗan ƙaramin abu da na yi shekara ashirin ina tsallakewa. Wajen ƙarshen Zaburar murya takan sake, Allah da kansa ya karɓi magana, kuma cikin abubuwan da ya ɗauka wa bawansa har da kasancewa tare da shi a lokacin da yake tsakiyar wahala. In da waƙar tana nufin wahala ba za ta taɓa zuwa ba, da wannan alkawari ba shi da wurin zama a cikinta. Kunnena ya saba jin “daga” kawai, ashe akwai “cikin”. Ban ce wannan ya warware kome ba. Ayoyin da suka yi zancen faɗuwar dubbai suna nan yadda suke, har yanzu in na zo kansu nakan ji ɗaci a maƙogwaro. Haka kuma natsuwar zuciya ba ta sauke wa hukuma nauyin tsaron ƙauyenmu ba ko da ƙwayar zarra. Tsaro dabam, natsuwa dabam, kuma muna da hakkin neman na farkon da babbar murya.

Abin da zan iya shaidawa kaɗan ne. Barci ya dawo mini a hankali. Har yanzu ƙarar babur da dare takan tashe ni, sai dai yanzu ba na kai wa bakin ƙofa. Nakan zauna a gefen gado in tuna da jirgin nan, in jira iskar ta wuce, yawanci kuwa takan wuce. In zan je gida ba na shiga mota bayan la'asar, kuma nakan buga waya in tambayi lafiyar hanya tukuna. Mun fanshi fadamar Baba bara, shanun huɗa dai har yanzu haya muke yi.

A zuwana na ƙarshe, da safen da zan dawo makaranta, Inna ta leƙo daga ɗakinta. Da yake ni ne ɗan fari ba ta kiran sunana, sai ta ce, “Kai, zo nan.” Na shiga na tarar ta jawo tsohon littafin daga ƙarƙashin matashi, ya buɗe da kansa a inda ya saba. Na yi niyyar in gaya mata labarin Orijin da Agustin, da bambancin “daga” da “cikin”, har na buɗe baki. Sai na tuna ita ce ta kwana 43 tana karanta wannan shafi mijinta yana daji, ta kuma ci gaba da karanta shi bayan an gaya mata Malam bai dawo ba. Na durƙusa, ta ɗora hannu a kaina ta karanta har aya ta 16, ƙanena yana ta danna odar babur a ƙofar gida don kada motar farko ta tashi ta bar ni.